Dajin Nono da Tsoron Ƙarfe a Ƙasar Gwarzo

Daga Sabon Birni zuwa Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe: in aska ko allura ta taɓa ƙullutun nono, sai ya harzuƙa ya bazu. 'Yan boko kan kira wannan jahilci. A ganina hukunci ne da mutane suka yanke bisa abin da idonsu ya gani. Kafin a buɗe asibitin birnin Kano a shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, mace mai ciwon nono ba ta da madafa sai ungozoma, wanzami da mai magani, da saiwa da rubutu. Asibiti ya zo, amma ya yi zamansa a birni. Ba a ɗaukar mace a kai ta can sai nono ya fashe, ciwo ya kai hammata ko ƙashi. A yanke, ta dawo gida, ba a jima ba a yi zaman makoki. To me dangi za su ce?

Abin da ba a sanar da su ba shi ne, likitoci ma sun daɗe da sanin wuƙa ba ta cim ma dajin da ya riga ya bazu. A 1896, George Beatson a Glasgow ya nuna cewa cire ƙwan haihuwar mace kan sa wani nau'in dajin nono ya lafa, domin da sinadarin jikinta yake rayuwa. Wannan hanya ce ta kai ga tamoxifen a shekarun 1970, ƙwayar da ake haɗiya kullum a gida. Akwai ƙarin ruwan kashe daji, akwai gashi da na'ura mai rage raɗaɗin ƙashi da zubar jinin gyambo, sai trastuzumab da ya fito a 1998, mai tsadar gaske. Amma ba a sanin wanda zai dace da mace sai an tsakuro naman ƙullutun da allura an auna.

Wani zai ce, tunda waɗannan magunguna ba sa warkar da dajin da ya bazu, me ya raba su da saiwa? Abin da ya raba su shi ne watanni, wani lokaci shekaru, da uwa za ta yi tana barci, tana salla a tsaye, ba wanda ke ƙyamar ɗakinta. Wani kuma zai kawo batun kuɗi, kuma yana da gaskiya. An kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988, amma shekara da shekaru masu neman gashi sai sun dangana da Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021 ma a manyan asibitoci yake. Sai dai tamoxifen, da mofin na kashe raɗaɗi, da wankin gyambo ba sa buƙatar na'ura. Da zarar likitan Kano ya auna ya rubuta, babu dalilin da zai hana mace karɓar su a Babban Asibitin Gwarzo, ta koma gida kafin la'asar.