Daga Sarkin Samari zuwa Majalisar Matasa: Tarihin Takarar Samari a Ƙasar Kajuru

Duk saurayin da ya tashi a Kajuru, ko Kufana, ko Kasuwan Magani, ya ƙudurta a ransa cewa zai nemi wakiltar tsararrakinsa a Majalisar Matasa ta Nijeriya, abin da zai fara cin karo da shi shi ne rabon mazaɓu. Kujerun majalisar 109 ne, daidai da adadin mazaɓun sanatoci, uku ga kowace jiha, ɗaya ga Abuja; kuma Kajuru, wadda ta fuskar al'ada da tarihi da zumunci ake lissafa ta cikin kudancin Kaduna, a rabon siyasa ta faɗa cikin Kaduna ta Tsakiya, tare da Chikun da Igabi da Giwa da Birnin Gwari da ƙananan hukumomi biyu na cikin birnin Kaduna. Takwaransa na Kafanchan kuwa, a ƙaramar hukumar Jama'a, da 'yan ƙananan hukumomi takwas na Kaduna ta Kudu zai kara. Kujera ɗaya tak ke nan ga ɗimbin jama'a masu harsuna daban da addinai daban, kuma kafin a kai ga wannan kujera an yi doguwar tafiya wadda ta cancanci a bi diddiginta.

Ba a zamaninmu aka fara ba samari muƙami ba. A garuruwan ƙasar Zazzau, wadda Kajuru ta daɗe ƙarƙashin ikonta, da wuya ka sami gari ko unguwa da ba ta da Sarkin Samari, wanda shi ke tara matasa in za a yi gayya a gonar wani, ko gyaran hanya, ko yaɓen masallaci, shi ne kuma ke sasanta su in rigima ta tashi a dandali. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai a shirya wasan kalankuwa, inda samari da 'yan mata ke kafa hukuma sukutum ta 'yan kwanaki, da sarki da waziri da alƙali da dogarai, daga baya har da gwamna da joji da likita bayan zuwan Turawa. A yi shari'a, a ci tara, a tara kuɗin a yi hidimar biki da su. Adara da Gbagyi da sauran maƙwabta su ma suna da nasu tsarin na tsararraki da aikin gayya, inda aka san wanda ke gaba a kowane rukuni. A ganina wannan makaranta ce ta gaske, domin a cikinta yaro ke koyon magana a gaban jama'a, da riƙon amanar kuɗin da ba nasa ba, da haƙurin sauraron wanda ya zo da ƙorafi. Sai dai akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin shi ne zaren labarin duka: sarautar samari, ko da samarin ne suka nuna wanda suke so, ba ta tabbata sai mai gari ya naɗa, kuma wanda ya naɗa shi ke da ikon tuɓewa.

Malamanmu ba su taɓa sanya furfura cikin sharuɗɗan shugabanci ba. Abin da suka ambata shi ne balaga da hankali da adala da sanin abin da aka ɗora wa mutum. Sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora Usamatu ɗan Zaidu bisa rundunar da manyan sahabbai ke cikinta alhali yana saurayi, kuma Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, bai wuce shekara 23 ba lokacin hijirar Gudu a 1804, amma ya ɗauki nauyin yaƙi da rubutu da shawara. Hujjar cancantar matasa, saboda haka, tsohuwa ce a cikinmu. Abin da ya zo daga baya shi ne ƙuri'a.

Ƙuri'a ta shigo ne ta ƙofar makarantar boko. A Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, da kuma makarantun midil na larduna, ɗalibai sun saba da ƙungiyoyin muhawara, inda ake zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji, a rubuta abin da aka tattauna, a ɗaga hannu a ƙirga. Da waɗannan ɗalibai suka fito suka zama malaman makaranta da ma'aikatan En'e, sai suka ɗauki al'adar suka fita da ita gari: Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi cikin shekarun 1940, Shehu Shagari da abokansa a Sakkwato, har aka kai ga kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, a hannun samarin da yawancinsu ba su cika shekara 30 ba. Maitama Sule, wanda aka haifa a 1929, ya shiga majalisar wakilai ta tarayya a zaɓen 1954 yana ɗan shekara 25.

A kudancin lardin Zazzau al'amarin ya bi ta wata hanya ce, kuma ya fi zafi, domin a nan neman wakilci ya gauraya da neman 'yanci daga hakiman da ake turowa daga Zariya. Hanyar jirgin ƙasa ta mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927, garin ya cika da ma'aikata daga kudu da arewa masu karanta jarida da kafa ƙungiyoyi, makarantun mishan na Kagoro da kewaye kuma suka yaye samari masu karatu da rubutu waɗanda ba su ga dalilin da za a ci gaba da yanke musu hukunci ba tare da an ji ta bakinsu ba. Malam Gwamna Awan, malamin makaranta, ya hau sarautar Kagoro a 1945 yana da kimanin shekara 30, ya kuma zauna a kanta har rasuwarsa a 2008. Ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu suka yawaita, ƙorafinsu ya kai gaban kwamitin Willink mai sauraron koken ƙananan ƙabilu na 1957 zuwa 1958, jam'iyyar UMBC da aka kafa a 1955 ta sami magoya baya a yankin, shugabancinta kuma ya koma hannun Joseph Tarka, ɗan ƙabilar Tibi, wanda ya shiga majalisar tarayya yana da shekara 22. A wancan zamani, a taƙaice, ba a buƙaci wata majalisa ta daban domin matasa ba, saboda su ne a cikin ta ainihin.

Abin da ya biyo baya shi ne rufewar ƙofa sannu a hankali. Juyin mulkin 1966 ya kori majalisu na tsawon shekara 13, sojoji suka sake dawowa a ƙarshen 1983, kuma ko da yake tsarin mulkin 1979 ya ba ɗan shekara 18 ikon jefa ƙuri'a, matan arewa ma suka shiga zaɓen ƙasa a karon farko, na 1999 ya gindaya cewa sai mai shekara 30 zai tsaya takarar majalisar jiha ko ta wakilai, mai 35 ta dattawa ko gwamna, mai 40 ta shugaban ƙasa. Aka wayi gari saurayi yana da ikon zaɓe tsawon shekara 12 ba shi da ikon a zaɓe shi zuwa majalisar jiha ko ta wakilai, kuma duk wanda ya ga siyasar waɗannan shekaru ya san inda aka tura wannan ƙarfi da aka hana wa kujera: manna fasta, cika filin taro, rakiyar ɗan takara, da aikin banga, wanda ya cinye rayukan 'ya'yan talakawa masu yawa ba tare da ya mayar da ko ɗaya daga cikinsu mai faɗa a ji ba.

Wurin da ya rage wa matasa su yi zaɓe na kansu shi ne makarantu da wuraren ibada. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, da ta ɗalibai Kirista, FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, da zumuntar matasa ta majami'u, da ƙungiyoyin ɗaliban kowace ƙabila da ke taruwa a gida lokacin hutun ƙarshen shekara, duk sun horar da samari da 'yan mata a kan neman goyon baya da karɓar kaye da miƙa littafin kuɗi ga wanda ya gaje su. Ba na raina wannan tarbiyya ko kaɗan. Amma gaskiyar da ba za a kauce mata ba ita ce, kowa a cikin nasa yake neman ƙuri'a, ba a taɓa tilasta masa ya tsallaka ya roƙi amincewar wanda ba addininsu ɗaya ba. Kuma fitinar da ta ɓarke a watan Maris na 1987, ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, ta ƙone majami'u da masallatai, a Kwalejin Horar da Malamai ta Kafanchan ta faro, a tsakanin ɗalibai, wato a tsakanin mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake gudanar da taro bisa ƙa'ida. Sun iya shawara, amma ba su da zauren da zai haɗa su su yi ta tare.

Tunanin gina irin wannan zaure daga waje ya ƙara samun ƙarfi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, wadda ta tanadi a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi. Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta yi dokarta ta haƙƙin yara a 2003, majalisun yara kuma suka bayyana a tarayya da jihohi. Shugabannin Afirka sun amince da kundin matasa na nahiyar a Banjul a 2006. A Ingila, inda 'yan makaranta ke zaɓen wakilansu da ƙuri'a, an bar majalisar matasa ta zauna a zauren majalisar ƙasar a 2009. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun riga sun gwada wata hanya tun zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya ta gargajiya, ya mayar da ita ƙungiyar ƙasa. Ta gina azuzuwa, ta shirya wasanni, amma tana amsa umarni ne daga sama, ƙarfinta kuma ya dusashe tare da mulkin da ya ɗauke ta.

A watan Agusta na 2008 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da Majalisar Matasa ta Nijeriya, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar matasa ta tarayya. Kakakinta na farko, Onofiok Luke na jihar Akwa Ibom, daga baya ya zama kakakin majalisar dokokin jiharsa, sannan ɗan majalisar wakilai. Abdullahi Maibasira na jihar Neja ya gaje shi, kuma a zango na biyar wakilan suka zaɓi mace ta farko, Dakta Azeezat Yishawu. Majalisar tana da kwamitoci, tana muhawara, tana zartar da ƙuduri, sai dai ƙudurinta shawara ce kawai, ba doka ba, ba ta da baitulmali nata, zamanta kuma ya dogara ne ga lokacin da ma'aikata ta ware kuɗin taro.

A nan ne tsohuwar tambayar ta dawo. Kakaki da sauran shugabanni wakilan ne ke zaɓensu a tsakaninsu, kuma takarar takan yi zafi kamar ta manya. Amma shiga majalisar kanta ta daɗe tana bi ta hannun hukumomin jihohi da tantancewar jami'ai, babu ranar da matasan Maro ko Idon ko Kallah suka yi layi suka jefa ƙuri'a domin wanda zai yi magana da sunansu. Shi ya sa idan aka ji wani ya samu, tambayar da ake yi a majalisar shayi ita ce, "Wa ya tsaya masa?" Wanda ke zaune a cikin birnin Kaduna, yana da intanet da takardar digiri da ubangida a ma'aikata, ya riga ɗan ƙauye jin labarin, balle cike takarda. Ina ganin muddin ba a mayar da wannan zaɓi hannun matasan mazaɓa ba, majalisar ta rasa babbar fa'idarta, wadda ita ce tilasta wa ɗan Adara ya je Giwa neman amincewa, Bafulatanin ruga ya shiga Kufana ya yi bayanin kansa, kowannensu ya koyi cewa ba zai ci ba sai da ƙuri'ar ɗan'uwansa.

Shekarar 2018 ta nuna wa Kajuru fuskoki biyu na wannan al'amari. Ranar 31 ga Mayu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da matasa suka yi shekaru suna fafutika a kansa, da jagorancin ƙungiyar YIAGA ta Samson Itodo, wanda Tony Nwulu ya gabatar a majalisar wakilai, Abdul'aziz Nyako a ta dattawa: shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na gwamna da sanata suka tsaya a 35. Cikin Oktoba kuma rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani, aka rasa rayuka da dama, aka sace sarkin Adara, Agom Adara Maiwada Raphael Galadima, aka kashe shi. Sannan a Fabrairun 2019, ana gab da zaɓen farko da sabuwar dokar za ta yi aiki a cikinsa, kashe-kashe suka sake afkawa ƙauyukan ƙaramar hukumar, Adara da Fulani duka suka binne nasu, jama'a da yawa suka bar gidajensu. Samarin da doka ta buɗe wa ƙofar takara a wannan shekara, da yawansu suna gadin gari da dare ne, ko suna sansanin gudun hijira.

Duk da haka dokar tana nan. Ɗan shekara 25 daga kowace cikin mazaɓu goma na Kajuru yana da ikon neman kujerar ƙaramar hukumarsa a majalisar dokokin jiha da ke zama a zauren Lugard, ko ta tarayya ta Chikun da Kajuru, ba tare da ya jira majalisar gwaji ba. Sashen ƙudurin da ya nemi a halatta takarar kai da kai, ba tare da jam'iyya ba, shi ne bai tsallake ba. Don haka dole ya sayi fom a hannun jam'iyya, ya bi daliget gida-gida, ya nemi albarkar dattawan da ke riƙe da ita tun 1999.