Daga Tukunyar Burkutu Zuwa Kakuri

Maƙalar wannan mako ta samo asali ne daga wani babi da muka yi wa gyara a zamanmu na ranar Asabar a Unguwar Rimi. Marubuciyar ta tura tauraron labarinta karatu Jamus, abokai suka ja shi bikin ɗanɗanar giya, aka jera masa ƙananan kofuna kala-kala, daga nan ya lalace. Babin ya yi daɗi. Jimla ɗaya ce ta tsaya mana a rai, inda mahaifin yaron ke cewa giya ai Bature ne ya kawo ta ƙasar nan. Uban da ke cikin baƙin ciki yana iya faɗin haka. Amma da muka tambaya, sai muka tarar ita ma marubuciyar haka ta ɗauka, kuma rabin waɗanda ke zaune haka suka ɗauka.

Ba talla muka zo yi ba, hukuncin giya a Musulunci sananne ne. Tarihi muke bi.

Irin bikin da ta siffanta akwai shi. Oktoberfest na birnin Munich ya faro a 1810, a Amurka kuma an fara babban bikin ƙananan masu dafa giya a jihar Colorado a 1982. Abin da masu irin wannan na biyun ke taƙama da shi shi ne kowa da hannunsa: a dafa kaɗan, ɗanɗanon wannan ya bambanta da na wancan, mai saye ya zagaya yana kurɓa kafin ya zaɓa. To ai wannan siffar gidan burkutu ce. Mata ne ke dafa ta. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Aikin kwanaki ne, kuma ba ta jure ajiya, shi ya sa kowace mai dafawa take da ranarta. Burkutu tana da kauri, fito kuwa an fi tace shi. A wurare da dama sai an ɗan zuba wa mai saye a ƙoƙo ya ɗanɗana kafin ya ciro kuɗinsa.

Wannan sana'a ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. A Kitabul Farƙi, cikin halayen sarakunan Hausa da aka soka har da shan abin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba, kuma ba a sukar abin da babu shi. Jihadin 1804 ya kore ta daga fada da cikin birni, amma ta zauna daram a gidajen Maguzawa, wajen biki da gayya da tsafi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya same su da ita. Haka al'ummomi da yawa na kudancin jihar nan.

Abin da zai ba wasunmu mamaki shi ne, Bature da ya zo hanawa ya fara yi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta haramta kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Lugard kuma ya ɗora Arewa a kan wannan doka. Ba don Allah ya yi ba, zaman lafiya da sarakuna yake nema. Dokar kuma mai fuska biyu ce: shi yana sha a kulob ɗinsa, baƙon ma'aikaci yana samu da lasisi, ɗan ƙasa ne aka hana sayar wa. Da jirgin ƙasa ya iso, aka mayar da Kaduna hedikwata a 1917, sai kwalba ta sami hanya, ta Sabon Gari da barikin soja.

Kamfanin Nigerian Brewery ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe a Aba a 1957, sannan Kaduna a 1963, a Kakuri, kusa da masaƙu. Ku duba shekarar da kyau. Zamanin Sardauna ne, ba na Gwamna Bature ba. Mai rubuta labarin ma'aikacin masaƙa na wancan lokaci, in ya manta da abin da ke faruwa a Kakuri ranar albashi, ya bar rabin labarin a ƙasa.

Wurin da ya fi jan hankalinmu shi ne 1988. A shekarar gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi ake yin giyar kwalba. Dole kamfanoni suka koma wa dawa, wato abin da matan burkutu ke jiƙawa tun kaka da kakanni. Ɗaya daga cikin irin da aka fi amfani da shi, SK5912, a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya aka samar da shi. Ka ga ke nan manomi yana iya kai buhunan dawarsa kasuwa, bai taɓa kusantar kwalba ba, dillali ya saya, motar ta nufi kamfanin giya. Shin ya sani? In ya sani, ya zai yi da kuɗin takin da ke kansa? Mun karanta littattafai da yawa masu ɗan maye a ciki, ba mu ci karo da wannan manomin ba tukuna. Kuma Maltina da muke rabawa a walima, wadda ta fito a 1976, ba ta sa maye, amma kamfanin ɗaya ne.

Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da rikicin 2002 sun raba garin nan gida biyu, kogi a tsakiya. Mashaya ta bi mutane. Yau an fi ganinta a fili a tsallaken gada, su Barnawa da Television da Sabon Tasha, a wannan ɓangaren namu kuwa ta koma bayan katangar otal da kulob da kasuwar mami ta bariki. Don haka in kin ajiye gidan giya a bakin titi a Tudun Wada cikin labarin 2015, ɗan Kaduna zai gane ba ki taka garin ba.

Ƙananan masu dafawa irin na Turai ma sun iso Nijeriya. Wani kamfani da ya fara a Abuja a 2017 kafin ya koma Legas sunansa Bature, wanda ya sa muka yi dariya a zaman.

Marubuciyar dai ba ta goge jimlar uban ba. Ta ƙara wata tsohuwa ce a zauren, kakar yaron, wadda ta ji maganar ta kau da kai, don ta tuna tukwanen da ke bayan ɗakin kakarta a ƙauye. Babin da aka gyara zai fito ranar Laraba, in sha Allahu.