Raguwar 'Yan Kallo da Tarbiyyar Matasan 'Yan Ƙwallo a Sudan: Nazari Daga Ƙauyukan Hausawan Jazira da Nilul Azraƙ

Manufar wannan maƙala ita ce ta tabbatar da cewa ƙauracewar jama'a ga filayen gasar ƙwallon ƙafa ta Sudan, da ƙarancin matasan da ake horarwa domin ta, illa ɗaya ce mai fuska biyu, kuma asalinta ya girmi yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023.

Sudan ba baƙuwa ba ce ga wannan fanni, domin a Khartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a 1957, kuma da Sudan ta ɗauki kofin nahiyar a 1970, Wad Madani, hedikwatar Jazira, tana cikin biranen da aka buga wasannin. Amma tun da aka kafa babbar gasa a 1996 har zuwa ɓarkewar yaƙi, kambi bai taɓa fita daga hannun Hilal da Marrikh na Omdurman ba. Kuma gasar da aka san hukuncinta tun kafin a busa usur, da wuya manomi ya bar gonarsa, ya biya kuɗin mota, domin ya shaida ta, alhali ga rediyo, ga talabijin mai nuna wasannin Ingila da Sifen.

Sai dai abin da ya fi cancantar tsokaci shi ne halin yaron da ya tashi a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa kusa da Sinnar bayan waƙi'ar Burmi ta 1903, ko kuwa a kambo, wato matsugunan leburorin auduga da suka yawaita bayan buɗe aikin noman Jazira a 1925. Yaron nan yana koyon wasa a dafuri, ƙwallon unguwa da ake bugawa bayan la'asar ba takalmi, kuma hazaƙa ba ta yanke masa ba. Abin da ya yanke shi ne tsanin da zai hau. Rajista a hukumance tana neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, wadda tsohuwar dokar 1948 ta rataya ga zaman kakanni tun kafin 1898, sharaɗin da ya daɗe yana wahalar da zuriyar muhajirai da mahajjata, yayin da manyan ƙungiyoyin suka gwammace sayen ƙwararru daga waje, kamar yadda Marrikh ta ɗauko Stephen Worgu daga Enyimba. A ra'ayinmu nan ne hasarar ta fi muni, saboda ƙauye yana cika fili ne idan ɗansa na ciki.

Yaƙi kuwa ya ƙarasa abin da sakaci ya fara: Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, ba a ƙwato ta ba sai Janairu 2025, Hilal da Marrikh kuma suka yi kakar 2024/2025 a gasar Muritaniya. Saboda haka duk gyaran da za a yi, wajibi ne ya fara da sauƙaƙa rajistar yara da raya gasar gundumomin Sinnar, Sinja da Damazin, kafin a kai ga gyaran filayen Omdurman.