Yaran da Suka Zana Yaƙi

A shekarar 1966 Keiji Nakazawa ya baro Tokyo ya koma Hiroshima jana'izar mahaifiyarsa. Al'adar mutanen Jafan ce a ƙona gawa, sannan dangi su kewaye tokar su tsince ƙasusuwa da 'yan sanduna su zuba cikin tulu. Da aka fito da ita, kusan babu abin tsinta, sai toka. Nakazawa bai yi tantama ba a ransa: gubar bam ɗin da Amurka ta jefa wa garin shekara 21 da suka wuce ce ta cinye mata ƙashi tun tana raye. Kafin ranar nan yana zana labaran yara ne don neman abinci, yana kuma ɓoye asalinsa, domin a Tokyo ana ƙyamar waɗanda suka tsira daga bam, ana ganin kamar cuta suke ɗauke da ita. Daga wannan jana'iza ya daina yin shiru.

Shekararsa shida ran 6 ga Agusta 1945, ranar da aka jefa bam ɗin. Yana bakin ƙofar makaranta, katangar siminti ta kare shi daga hasken, matar da ta tsayar da shi tana masa tambaya kuwa nan take ta rasu. Mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa gida ya danne su, wuta ta cim musu. Mahaifiyarsa mai tsohon ciki ta haihu a ranar, jaririyar ba ta yi wata nawa ba ta bi su. Wannan labari ya zana a 1972 cikin wani gajeren aiki mai suna Ore wa Mita, wato "na gani da idona". A 1973 ya faɗaɗa shi ya zama Hadashi no Gen, labarin wani yaro Gen mai yawo ba takalmi, a mujallar Shonen Jump da 'yan makaranta ke saye don labarin wasanni da dambe. Aikin ya kai juzu'i goma.

Abin da ya sa wannan littafi ya tsaya da ƙafarsa shi ne bai yi wa kowa kara ba. Ya zana mutane fata na zazzagowa daga hannuwansu, ya zana tsutsa cikin gyambo, ya kuma zana maƙwabta suna jifan gidansu Gen suna kiransu maciya amana saboda uban ya ce yaƙin ba shi da amfani. Laifin Amurka na nan, na sojojin Jafan da sarkinsu ma na nan. Hotunan da aka ɗauka cikin Hiroshima a ranar 'yan kaɗan ne. Abin da kyamara ta rasa, ƙwaƙwalwar ɗan shekara shida ta adana shi, kuma alƙalami kaɗai ke iya fito da shi.

Daga 1976 wasu 'yan sa-kai suka fara fassara Gen zuwa Turanci, ya isa hannun Art Spiegelman a New York, wanda daga baya ya rubuta masa gabatarwa. Spiegelman bai ga yaƙi ba, amma ya taso a gidan da yaƙi bai taɓa fita ba, don iyayensa Yahudawan Poland ne da suka tsira daga sansanin Auschwitz. A littafinsa Maus, da ya fito kashi biyu a 1986 da 1991, ya zana Yahudawa da kan ɓera, Jamusawa da kan kyanwa. A 1992 aka ba shi lambar Pulitzer ta musamman. Daga nan masu sayar da littattafai suka fara rasa inda za su ajiye irin wannan aiki, tunda ya ƙi zama a kantar littattafan yara.

Maus ne ya buɗe wa Marjane Satrapi ido. An haife ta a Rasht a 1969, ta girma a Tehran, tana 'yar shekara tara zuwa goma juyin juya halin 1979 ya kifar da Shah, sarkin Iran. Ba a gama murna ba, a Satumbar 1980 Iraƙi ta kawo hari, aka shiga yaƙin shekara takwas. A 1984 iyayenta suka tura ta birnin Vienna karatu ita kaɗai, tana da shekara 14. Bayan ta zauna Faransa, abokan aikinta a wani ɗakin zane na Faris suka gaji da jin labarin Iran a bakinta, suka ce ta zana. Wani ƙaramin kamfanin masu zane, L'Association, ya buga Persepolis kashi huɗu tsakanin 2000 da 2003.

Baƙi da fari ne zalla, ba inuwa, ba ƙawa, kamar zanen da yarinya za ta yi a bayan littafin lissafi. Nan ƙarfinsa yake. Mai karatu ba ya ganin juyin daga fadar shugabanni, daga tsayin yarinya yake ganinsa: layin sayen abinci, gudu zuwa ƙarƙashin bene in jiniya ta yi kuka, kawunta Anush da aka ba damar ganin mutum ɗaya kafin a kashe shi ya ce a kawo masa ita, ya ba ta wani tsuntsun ruwa da ya ƙera da burodi a kurkuku. Akwai ɗan mai aikin gidansu da aka ba mabuɗin roba mai ruwan zinare a makaranta, aka ce na Aljanna ne in ya mutu a fagen daga. Wurin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne ranar da makami mai linzami ya faɗa gidan maƙwabtansu. Yarinyar ta hango munduwar ƙawarta cikin ɓaraguzai, maƙale da abin da ba ta so ta gane. Satrapi ba ta zana shi ba. Ta cika akwatin zanen da baƙin tawada. Nakazawa ya nuna komai, ita ta rufe ido, kuma dukansu gaskiyar yaro suka faɗa.

Bayanta ƙofa ta buɗe. Zeina Abirached, haifaffiyar Beirut a 1981, ta fitar da littafi a 2007 kan dare ɗaya tak na 1984 ana tsakiyar yaƙi, maƙwabta sun taru a zauren wani gida kusa da layin da ya raba birnin biyu, yara biyu na jiran iyayensu su dawo daga gidan kaka. Riad Sattouf ya yi juzu'i shida daga 2014 zuwa 2022 kan ƙuruciyarsa a Libiyar Gaddafi da Siriyar Hafiz al-Asad.

Rigima kuwa ba ta bar su ba. Fim ɗin Persepolis ya ci lambar alƙalai a Cannes a 2007, gwamnatin Iran ta yi tir da shi. A Tunisiya a 2011 an kai wa tashar Nessma hari bayan ta nuna shi, saboda wurin da aka siffanta Ubangiji cikin tunanin yarinyar, abin da Musulmi da yawa ba za su lamunta ba. Wannan ƙorafi ne na aƙida. Na hukumomin makarantu daban yake, kuma ya fi ban takaici. A Maris 2013 hukumar makarantun Chicago ta janye Persepolis daga azuzuwan 'yan shekara 12 saboda zanen azabtarwa, ɗalibai suka fito zanga-zanga. A Agustan shekarar aka gano hukumar ilimi ta garin Matsue a Jafan ta sa an kulle Gen a ɗakunan karatu, sai da izinin malami, wai zanen ya yi wa yara tsanani, alhali ɗan shekara shida ne abin ya faru a kansa. Jama'a suka yi ca, hukumar ta janye, cinikin littafin ya ƙaru.

Nakazawa bai ga wannan ba. Ya yi niyyar ci gaba da labarin Gen bayan yaron ya tafi Tokyo koyon zane, amma idonsa ya raunana, a 2009 ya ajiye alƙalami. Ya miƙa asalin zanensa ga gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima, ya rasu a Disamba 2012. A 2023 hukumar ilimi ta Hiroshima ita kanta ta cire Gen daga darasin zaman lafiya na 'yan aji uku na firamare.