Yadda Yaron Kanti Ke Zama Mai Kanti a Kwari, Da da Yanzu

Mu da muka tashi a Kantin Kwari mun tarar da tsari guda: ba wanda ke fara kasuwa da kuɗinsa. Uba zai kai ɗansa wajen wani Alhaji ya ce ga amana. Yaro ya share kanti, ya ɗauki dila, ya koyi bambance atamfa mai zuba da marar zuba. Bayan shekaru, in an ga gaskiyarsa, sai a sallame shi da jari ko a riƙa ba shi kaya bashi, ya sayar ya kawo uwar kuɗi.

Tsarin ya girmi kasuwar kanta. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro na Gwanja ya fara, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, wakilai ya baza ƙauyuka da kuɗinsa a hannunsu. Gidaje da dama daga nan suka tashi.

Kwari kuwa a hannun Kwarori take, mutanen Lebanon da Siriya, namu na yi musu dillanci. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, zamanin Gowon, ita ta buɗe wa iyayen gidanmu ƙofa. Lokacin masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa suna aiki, kaya na kusa, mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya sari.

Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, masaƙu suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, kayan Sin suka cike gurbin. Yau sai mai dalar da zai yi odar kwantena ne ke yanka farashi. Tun da aka saki naira a 2023, wanda ya sayar da kayansa da riba ma yakan koma sari ya tarar kuɗin ba su sayi abin da ya fitar ba.

Nakan ji manya suna cewa yaran yanzu zuciyarsu ta mutu. Akwai ƙamshin gaskiya. Mun ga wanda aka ba kaya ya yi aure da kuɗin. Amma mun kuma ga mai shekara goma sha biyar a kanti ɗaya, da iyali, har yau kuɗin abinci ake miƙa masa da yamma. Wannan ba lalaci ba ne, riƙe shi aka yi.

Ba mu da iko da farashin dala. Amma mu masu kanti ɗaya ko biyu, sallamar yaro tana hannunmu. A sa masa wa'adi tun ranar da aka kawo shi, a rubuta, a sa shaidu. Alhaji, kai ma wani ne ya sallame ka.