Daga tabarau zuwa gilashin cikin ido

A shirinmu na wannan mako wani ɗan kasuwa mai kai-komo tsakanin Jibiya da Maraɗi ya aiko da tambaya. Ya ce ya gaji da tabarau, kullum ƙura ta rufe shi, sau biyu yana karyewa a kan babur. Shin ya koma wa ɗan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda masu kwalliyar amare ke kira lens? To ɗan'uwa, kafin ka yanke shawara, tsaya ka ji asalinsa.

Tabarau ai tsoho ne. A Italiya aka fara yin sa wajen 1286, bayan Turawa sun fassara littafin Ibnul Haisam, malamin Basra da ya zauna Alƙahira, kan yadda haske ke shiga ido. Shekara ɗari shida yana zaune bisa hanci. Sai a 1888 wani likitan ido, Adolf Fick, a birnin Zurich na Siwizalan, ya sa aka yi masa gilashi kamar ɗan ƙoƙo, ya kifa shi kan ido. Da zomaye ya fara gwaji, sannan ya gwada a nasa. Gani ya gyaru, amma bayan sa'o'i kaɗan ido ya yi ja, dole a cire.

Ka san dalili? Fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido ba ta da jijiyar jini. Daga iskar waje take numfashi, ta cikin hawaye. In ka rufe ta da gilashi ka shaƙe ta ke nan. Saboda haka masana suka shiga neman abin da zai bar ido ya sha iska.

A 1948 Kevin Tuohy a Amurka ya yi ƙarami na roba mai tauri, daidai faɗin baƙin ido. Mai taushi kuwa aikin Otto Wichterle ne, masanin haɗa sinadarai a Prague, wanda aka kora daga jami'a a 1958 saboda siyasa. Lokacin Kirsimeti na 1961, a teburin gidansa, ya harhaɗa ƙarafan wasan ɗansa da dainamon keke, ya fitar da guda huɗu na farko. A 1971 kamfanin Bausch & Lomb ya sa shi kasuwa a Amurka, a 1995 kuma aka fito da na yini ɗaya, ka sa da safe ka yar da dare.

Nan fa gizo ke saƙar. Robar Wichterle tana da taushi ne don tana shan ruwa kamar soso, kuma duk abin da ke cikin ruwan tana riƙe shi a kan idonka. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Acanthamoeba da ke zama a ruwan rijiya, na tabki, har na famfo. In ta maƙale ƙarƙashin lens tana cin fatar ido, tana iya makantarwa.

Don haka kai mai bin burtali da shanu, da kai mai yini a tasha cikin hazon hunturu, ku auna. Za ka samu sabulu ka wanke hannu ka busar kafin ka taɓa ido? Za ka riƙa sayen ruwan maganinsa na musamman? Ba a wanke shi da ruwan randa, balle yawu. Ba a barci da shi. Wajen alwala a kula kada ruwa ya shiga ido. Ke kuma amarya, kada ki ari na ƙawa, kada ki sayi mai launi a tebur ba tare da likitan ido ya auna ki ba. In ido ya yi ja ko zafi, a cire nan take, a nufi asibiti.

Ga mai tambayarmu: je ka likitan ido ya duba ka, ka gaya masa gaskiyar irin hanyar da kake bi. In ya ce ka zauna kan tabarau, sayo igiya ka ɗaure shi a wuya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mana ganinmu.