Yankin Tabkuna na Ingila: kwarurrukansa da gidajen saukar baƙi

Lake District, wato Yankin Tabkuna, yana arewa maso yammacin Ingila, cikin ƙasar Cumbria, kusa da iyakar Scotland. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,362 ne, mazaunansa kimanin mutum 40,000, amma baƙin da ke shigarsa a shekara sun kai wajen miliyan 18. An mai da shi gandun ƙasa a 1951, sannan UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2017. Ba a matsayin dajin Allah aka karɓe shi ba, kamar yadda aka karɓi Ayar da Tenere a 1991. An karɓe shi ne a matsayin ƙasar da makiyaya suka sarrafa da hannunsu shekaru ɗaruruwa.

Duwatsun ba su da wani tsawo. Scafell Pike, wanda ya fi kowane tsauni a Ingila, mita 978 ne, bai kai rabin Idoukal-n-Taghès na Bagzan ba. Abin da ya ba wurin suna shi ne ruwa. A zamanin tsananin sanyi, wanda ya ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce, tarin ƙanƙara ya gangaro daga tsakiyar duwatsun yana sassaƙar ƙasa, ya bar kwarurruka masu faɗin ciki da miƙaƙƙun gefuna. Da ya narke, ruwa ya kwanta a guraben. Manyan tabkunan 16 ne. Windermere ya fi su tsawo, wajen kilomita 17. Wastwater ya fi su zurfi, mita 79.

Kwarurrukan

Sun bazu ne daga tsakiya zuwa kowace kusurwa, kamar wayoyin ƙafar keke, kuma kowane da halinsa. Borrowdale, kudu da garin Keswick, ya fi su itatuwa da laima. A ƙarshensa akwai ƴar ƙauyen Seathwaite, inda ruwan sama kan wuce milimita 3,000 a shekara. Yamai ba ta cika wuce 600 ba. A wannan kwarin ne aka gano baƙin ma'adinin da ake zuciyar fensir da shi tun ƙarni na 16, shi ya sa Keswick ta zama garin fensir. In aka haye mashigin Honister, inda har yau ake fasa dutsen rufin ɗaki, sai a gangara Buttermere, ƙaramin tabki da ake kewaye shi da ƙafa cikin awa biyu. A Honister ɗin ne aka auna milimita 341 cikin awa 24 a Disamban 2015, ruwan da ya karya gadoji ya yanke babbar hanyar yankin wata da watanni.

Great Langdale na masu hawan dutse ne. Wasdale kuma ya fi nisa da kaɗaici: hanya ɗaya ce ke shiga, ta bi gefen Wastwater ta tsaya a gindin Scafell Pike. Mai son Eskdale daga gabas sai ya bi mashigin Hardknott, wanda gangarensa ya kai kashi 30 cikin 100 a wasu wurare, kusa da kufan wani sansanin sojan Rumawa. Direban da bai saba ba gara ya yi zagaye.

Duk inda aka duba akwai katangun duwatsu da aka jera ba siminti, da tumakin Herdwick masu toka-tokar gashi da farar fuska. Ana sakin su a kan tsaunuka, makiyayar kowa da kowa, ba shinge, ba mai bin su kullum. Kowace tunkiya ta san yankin garkenta, kuma ƴarta a wurinta take koya. Don haka garke kan bi gona in an sake mai ita, kuma in ya halaka ba a maye shi da tumakin kasuwa. An ga haka a 2001, lokacin da cutar baki da kofato ta fi tsanani a Cumbria: aka karkashe dabbobi, aka rufe hanyoyin ƙafa, baƙi suka ɗauke ƙafa, makiyayi da mai masauki suka yi asara tare.

Masauki

Baƙi sun fara zuwa ne tun ƙarshen ƙarni na 18. Mawaƙi William Wordsworth, haifaffen Cockermouth a 1770, ya rubuta littafin jagora kan yankin a 1810. Da aka zo kawo jirgin ƙasa kuma ya yi adawa da shi, don tsoron cunkoso. Jirgin ya iso Windermere a 1847, kuma yawancin dogayen gidajen dutse da ke karɓar baƙi a Windermere, Bowness, Ambleside da Keswick bayan nan aka gina su.

Gidan saukar baƙi ba otel ba ne. Gidan iyali ne mai ɗakuna kaɗan, mai gida ko uwargida na zaune a ciki, kuɗin ɗaki ya haɗa da kalacin safe; shi ake kira B&B. Abincin dare ba ya cikin lissafi, sai a nemi mashayar ƙauye, inda ake sayar da abinci, kuma da wuri suke rufe kicin. Gida mai kyau a nan ana gane shi da ɗakin shanya jiƙaƙƙun kaya da takalma, da mai gidan da zai ce maka kada ka hau dutse yau. Kalacin nasu na gargajiya yana da naman alade iri biyu ko uku, har da wani da ake yi da jini. Musulmi ya faɗa tun lokacin kama ɗaki. Kusan ko'ina akwai na ƙwai, wake, tumatir da burodi.

A ganina masaukin gona ya fi na gari, ko da ɗakin bai kai ba. Kiwon tumaki a kan dutse ba ya ci da gida shi kaɗai, kuɗin ɗaki biyu ko uku na cikin abin da ke riƙe iyali a gonar. Da yawa cikin gonakin na ƙungiyar National Trust ne, makiyayan haya suke. Marubuciya Beatrix Potter kaɗai, da ta rasu a 1943, ta bar mata wajen hekta 1,600 da gonaki fiye da goma. Akwai kuma masaukan matasa masu rahusa, irin su Black Sail a ƙuryar Ennerdale, tsohuwar bukkar makiyayi da mota ba ta kai baƙo.

Abin da ya fi yaɗuwa yanzu shi ne gidan da ake haya gaba ɗayansa na sati guda, ba mai gida a ciki, da gidajen hutu na masu kuɗin birane. Su suka tsadar da gidaje har ƴan ƙasa da ma'aikatan otel ba sa iya saye ko haya, wasu ƙauyuka sun rasa kanti, lakol ta rasa yara. Daga Afrilun 2025 doka ta ba ƙananan hukumomin Ingila damar ninka haraji a kan gida na biyu. Tabkin Windermere ma yana fama da ƙazantar ruwan masai, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa a kan kamfanin ruwa.

Daga tashar Euston ta Landan jirgin ƙasa na kai Oxenholme cikin awa uku ko ƙasa da haka, daga nan ƙaramin jirgi zuwa Windermere. Bas mai lamba 555 na bi ta Ambleside da Grasmere har Keswick. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwa da tsawon yini, Yuli da Agusta sun fi cunkoso da tsada, sai an kama ɗaki tun da wuri. Ɗan Nijar na buƙatar bizar Birtaniya. Ta Schengen da ake shiga Faransa da ita ba ta aiki a can.